Harlem ta Tsakiya: Kuɗin Unguwa Ya Ƙaru, Amma Aljihun Wa Ya Shiga?

Harlem ta Tsakiya tana arewacin tsibirin Manhattan a birnin New York. Ta fara daga titi na 110, inda lambun Central Park ya ƙare, ta miƙe zuwa titi na 155 da bakin kogin Harlem. A takardun hukumar birni sunanta Gunduma ta 10 ta Manhattan, kuma faɗinta bai kai murabba'in kilomita huɗu ba. Shekara kusan ɗari ke nan ana kallon wannan ɗan fili a matsayin cibiyar baƙar fatar Amurka.

Abu biyu ne suka bayyana a alƙaluman unguwar cikin shekara talatin da suka wuce. Kason baƙar fata yana raguwa, kuɗin shigar gidaje kuma yana hawa. Dillalan gidaje da wasu jami'an birni suna nuna na biyun su ce unguwa ta farfaɗo. Tsofaffin mazauna suna nuna na farkon su ce ana korarsu. Kowane ɓangare yana da alƙalumansa, kuma alƙaluman ba ƙarya ba ne. Sai an kwance su ɗaya bayan ɗaya za a ga wanda ya samu, da wanda ya tsaya inda yake, da wanda ya zo ya tarar da ƙofa a rufe.

Yadda ta zama unguwar baƙar fata, da yadda ta zube

A ƙarshen ƙarni na 19 an gina Harlem ne don fararen fata masu hali. 'Yan kasuwar gidaje suka yi ta gini fiye da ƙima suna jiran jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya iso titin Lenox a 1904. Kasuwar ta faɗi, gidaje suka zauna babu kowa. Wani dillali baƙar fata, Philip Payton, ya kafa kamfaninsa a wannan shekara ya riƙa karɓar gidajen yana zuba 'yan haya baƙar fata, waɗanda a sauran sassan birnin ba a ba su haya sai a lunguna marasa kyau. Daga nan ƙaurar baƙar fata daga jihohin kudu da tsibiran Karibiyan ta cika unguwar. A 1910 baƙar fata wajen kashi 10 cikin ɗari ne na mazauna. A 1930 sun kai kashi 70. A 1950 sun kai kashi 98, cikin mutum kusan 237,000.

Wannan cikar ba ta son rai kaɗai ba ce. Masu gidaje a wasu unguwanni sun yi yarjejeniyar kada a sayar wa baƙar fata ko a ba su haya, kuma a shekarun 1930 hukumomin lamuni na tarayya sun shata unguwanni irin Harlem da jan layi a taswira, alamar wurin da ba a so a ba da bashin gida. Sakamakon haka likita da lauya da ɗan dako da mai wanki duk suka taru a layi ɗaya, suna biyan haya mai tsada a gidajen da galibi ba nasu ba. Wannan batu na rashin mallaka shi ne zai dawo ya yanke hukunci bayan shekara sittin.

Daga 1950 jama'a ta fara zubewa: wajen 164,000 a 1960, 157,000 a 1970, 108,000 a 1980, 101,000 a 1990. Wani ɓangare na raguwar alheri ne, domin cunkoson ya yi yawa, kuma da dokokin hana wariya a harkar gidaje suka fara aiki, musamman dokar tarayya ta 1968, masu ɗan hali suka koma kudu maso gabashin Queens da Bronx da garuruwan gefen birni. Amma abin da ya faru a shekarun 1970 rushewa ce. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen suka tafi cikin shekara goma. Kuɗin man ɗumama gida ya tashi, haya ba ta rufe kuɗin gyara, masu gidaje suka daina biyan haraji suka watsar da gine-gine, gobara ta ci wasu. A 1976 birni ya yi dokar da ta ba shi damar ƙwace gini bayan shekara ɗaya ta bashin haraji maimakon uku, kuma zuwa shekarun 1980 hukumar birni ce ke riƙe da fiye da rabin gidajen zama na unguwar, da yawansu kangaye da aka toshe tagoginsu da bulo. A 1990 likitoci biyu na asibitin Harlem, Colin McCord da Harold Freeman, suka wallafa binciken da ya girgiza ƙasar: namiji baƙar fata a Harlem yana da ƙarancin damar kai shekara 65 fiye da namiji a Bangaladash.

A yi lissafi a nan, domin ana yawan tsallake shi. Baƙar fata a 1950 sun haura 230,000. A 1990, da kashi 88 cikin 101,000, ba su kai 90,000 ba. Wato unguwar ta rasa baƙar fata sama da 140,000 tun kafin wani farar fata ya waiwaye ta. A ƙidayar 1990 fararen fata 672 kacal aka samu a Harlem ta Tsakiya baki ɗaya.

Juyawar

Kuɗin gwamnati ne ya fara shiga kafin na 'yan kasuwa. Magajin gari Ed Koch ya ƙaddamar da shirin gidaje na shekara goma a tsakiyar shekarun 1980, wanda ya kai dala biliyan 5.1, kuma Harlem na cikin unguwannin da suka fi cin moriyarsa. An gyara kangayen da birni ya ƙwace, an miƙa wasu ga ƙungiyoyin coci da na al'umma, wasu kuma an sayar wa 'yan hayar da ke ciki a matsayin gidajen haɗin gwiwa masu ƙayyadadden farashi. A 1994 ɗan majalisar wakilai Charles Rangel ya jagoranci kafa yankin bunƙasa tattalin arziki na arewacin Manhattan da kudancin Bronx, da dala miliyan 300 daga tarayya da jiha da birni, kowanne miliyan 100. Kisan kai da cinikin hodar ibilis a kan titi suka ragu ƙwarai a shekarun 1990. Manyan kantuna suka fara buɗewa a titi na 125, tsohon shugaban ƙasa Bill Clinton ya kama ofis a wannan titi a 2001, birni ya sake tsarin gine-ginen titin a 2008 don a iya yin dogayen benaye, kantin Whole Foods ya buɗe a kwanar Lenox a 2017.

Alƙaluman launin fata suka bi sahu. A 2000 jama'a ta kai wajen 109,000, baƙar fata kashi 77, fararen fata kashi 2, wato mutum kusan 2,200. A 2008 jama'a ta kai 126,000, fararen fata 13,800, baƙar fata wajen 77,000. Tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2020 an sake rasa baƙar fata sama da 5,000, fararen fata kusan 9,000 suka ƙaru. A ƙidayar 2020 baƙar fata rabi ne da ɗoriya, masu asalin Latin Amurka wajen kashi ɗaya cikin huɗu, fararen fata wajen ɗaya cikin shida. Har yanzu unguwar baƙar fata ce mafi rinjaye, amma tazarar ta matse.

A ɓangaren kuɗi, ƙidayar 2000 ta nuna kuɗin shigar gidan tsakiya wajen dala 20,000 a shekara. A 2017 ya kai wajen dala 52,700. Talauci ya sauko daga sama da kashi ɗaya cikin uku zuwa tsakanin ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin biyar, gwargwadon ma'aunin da aka yi amfani da shi.

Abin da adadin yake faɗa da abin da yake ɓoyewa

Da farko a fahimci mene ne gidan tsakiya. Ana jera dukkan gidajen unguwa daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, a ɗauki wanda ya faɗo tsakiyar layi. Wannan ya fi lissafin tara kuɗin kowa a raba da yawan gidaje, domin attajiri ɗaya ba ya jan shi sama. Amma yana da rauni babba: ba ya bin mutum. Hoton mazauna ne a rana ɗaya, kuma hoton bana ba na mutanen bara ba ne.

Ga misali na lissafi kawai. A ce wani layi yana da gidaje tara, dukkansu baƙar fata, samunsu a shekara dubu 15, 18, 20, 22, 25, 30, 35, 40 da 60. Gidan tsakiya shi ne na biyar, dubu 25. Sai aka gyara kangaye biyu a layin, gidaje shida suka tare, kowanne yana samun sama da dubu 90, biyu baƙar fata, huɗu farar fata. Gidaje sun zama goma sha biyar, na tsakiya shi ne na takwas, dubu 40. Rahoto zai ce kuɗin shigar layin ya ƙaru da kashi 60, kason baƙar fata ya faɗi daga 100 zuwa 73. Amma ba wanda aka ƙara wa albashi ko kwabo, kuma ba wanda aka kora. Babban ɓangare na abin da ya faru a Harlem tsakanin 1990 da 2008 irin wannan ne, domin akwai kangaye da filaye masu yawa da za su ɗauki sababbin zuwa.

Na biyu, tsadar rayuwa. Dala 20,000 ta 1999 tana daidai da kusan dala 29,500 ta 2017. Don haka ƙarin gaskiya daga 29,500 ne zuwa 52,700, wajen kashi 80, ba ninki biyu da rabi ba kamar yadda ake gani a ido. Har yanzu ƙari ne babba. Amma duk wanda ya kwatanta shekara biyu bai daidaita darajar dala ba, ya riga ya ɓata lissafinsa.

Na uku, inda alƙaluman suke fitowa. Har zuwa 2000 ana tambayar kuɗin shiga ne a doguwar takardar ƙidaya da ake ba wani kaso na gidaje. Daga 2005 an mayar da tambayar cikin binciken samfuri da hukumar ƙidaya take yi duk shekara. Ga ƙaramin yanki na ƙidaya, mai mutum wajen 4,000, sai an haɗa shekara biyar kafin a fitar da adadi, kuma kuskuren da ke tattare da shi yana iya kai dala dubu goma ko fiye. Idan aka ce wani yanki ya tashi daga dubu 41 zuwa dubu 47 alhali kuskuren dubu 9 ne, ba a faɗi komai ba. Haka nan kada a kwatanta zangon 2013 zuwa 2017 da na 2015 zuwa 2019, saboda shekara uku iri ɗaya ce a cikinsu.

Launin fata ma yana da nasa tarko. Tun 2000 mutum yana iya zaɓar launi fiye da ɗaya, kuma tambayar asalin Latin Amurka daban take. Ɗan Jamhuriyar Dominika mai duhun fata yana iya shiga jerin baƙar fata a wani teburi ya fita a wani. Hukumar ƙidaya da kanta ta ce a 2020 an rage ƙirga baƙar fata a faɗin ƙasa da kashi 3.3, masu asalin Latin da kusan kashi 5, an kuma yi wa fararen fata ƙari da kashi 1.6. A unguwar da ake cusa ɗan'uwa ko ɗan gari a ɗaki ba da sanin mai gida ba, ana iya tsammanin giɓin ya fi haka.

Kalmar baƙar fata a takardar ƙidaya kuma buhu ɗaya ce da aka zuba mutane daban-daban. Akwai jikokin waɗanda suka taho daga Karolina da Jojiya, akwai 'yan Jamaika da Barbados, akwai kuma 'yan Afirka ta Yamma da suka fara yawa daga shekarun 1980. Titi na 116 har ana kiransa Ƙaramar Sanagal saboda gidajen abinci da shagunan kitso da na kayan Afirka. 'Yan kasuwar Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suna cikin masu baza kaya a gefen titi na 125, kamar yadda masanin al'adu Paul Stoller ya bi rayuwarsu a shekarun 1990. A watan Oktoba na 1994 gwamnatin magajin gari Rudolph Giuliani ta tashe su daga titin, aka mayar da wasunsu kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116. Ma'anar wannan ga lissafi ita ce, zuwan 'yan Afirka ya cike wani ɓangare na gurbin, don haka raguwar baƙar fata haifaffun Amurka ta fi abin da jimillar take nunawa. Su ma 'yan Afirkan, da haya ta yi tsada, da yawa sun haye kogi zuwa Bronx, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya suka fi yawa a birnin.

Sannan ba duk mai kuɗin da ya tare farar fata ba ne. Lauyoyi da ma'aikatan banki da malaman jami'a baƙar fata suna cikin waɗanda suka fara sayen tsofaffin gidajen dutse na unguwar a shekarun 1980 da 1990. Teburin launin fata ba ya ganin wannan sauyi ko kaɗan, domin baƙar fata ne ya maye gurbin baƙar fata.

Wa ya tsaya, wa ya kasa shiga

A 2004 Lance Freeman da Frank Braconi suka fitar da binciken da ya ba mutane da yawa mamaki. Sun gano cewa talakawan da ke zaune a unguwannin New York da masu hali ke shigowa, har da Harlem, sun fi ƙarancin tashi da kashi 19 idan aka kwatanta da talakawan sauran unguwanni. Wasu suka ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa ba a korar kowa. Abin da binciken ya nuna ya fi haka ƙunci: talakan da ya riga ya samu gida mai kariya yana manne da shi. Bai ce komai ba kan wanda zai gaje gidan idan ya mutu ko ya tashi.

Kariyar iri uku ce. Akwai gidajen gwamnati, irin su rukunin Harlem River na 1937, da Lincoln, da St. Nicholas, da Polo Grounds, inda haya kashi 30 ce ta abin da gida ke samu. Akwai gidajen haɗin gwiwa da birni ya sayar wa 'yan haya. Mafi yawa kuma su ne gidaje masu ƙayyadaddiyar haya: galibi duk ginin da ke da gida shida ko fiye kuma an gina shi kafin 1974, wata hukumar birni ce ke yanke abin da za a ƙara a haya duk shekara, kuma ɗan haya yana da haƙƙin sabunta yarjejeniya. Ɗansa ko jikansa yana iya gadon hayar idan ya zauna tare da shi shekara biyu kafin ɗan hayar ya bar gidan, ko shekara ɗaya ga tsoho da naƙasasshe.

Kafin 2019, ramin yana wajen da gida ya zama babu kowa. Dokokin jiha na 1993 da 1997 sun ba mai gida damar fitar da gida daga ƙayyadewa idan ɗan haya ya tashi kuma hayar ta kai dala 2,000. Sun kuma ba shi hanyar kai wa can. Duk lokacin da aka sauya ɗan haya yana iya ƙara wajen kashi 20. Idan ya yi gyara, yana iya ɗora kashi ɗaya cikin arba'in na kuɗin gyaran a kan hayar wata, har abada. A ɗauki gidan da wata tsohuwa ke biyan dala 900. Ta rasu, ƙarin sauyi ya kai shi 1,080. Mai gida ya ce ya kashe dala 40,000 wajen sabon kicin da banɗaki, an ƙara 1,000, haya ta zama 2,080. Gidan ya fita daga kariya, wata mai zuwa ana iya sa masa duk farashin da kasuwa ta ɗauka. Ba a cika bincikar rasitan gyaran ba sai ɗan haya ya kai ƙara. Da wannan doka, kowane tsohon ɗan haya ya zama cikas tsakanin mai gida da riba, shi ya sa aka yi ta samun ƙorafin jan ƙafa wajen gyara, da yawan kai ƙara kotu kan ɗan bashi, da tayin kuɗi don mutum ya tashi. Dokar jiha ta watan Yuni 2019 ta rufe wannan hanya: ta soke fitar da gida saboda sauyin ɗan haya, ta soke ƙarin kashi 20, ta rage abin da ake ɗorawa na gyara. Amma gidajen da suka riga suka fita ba su dawo ba.

Rukunin Riverton ya nuna abin a fili. Kamfanin inshora na Metropolitan Life ne ya gina shi a shekarun 1940, gidaje wajen 1,230 kusa da titi na 135, don baƙar fata, a daidai lokacin da yake hana su shiga rukuninsa na Stuyvesant Town a kudancin Manhattan. Ya zama matattarar ma'aikata da malamai da alƙalai, har David Dinkins, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin New York, ya zauna a ciki. A 2005 masu zuba jari suka saye shi kan sama da dala miliyan 130, suka ci bashin miliyan 225 a kansa a shekarar da ta biyo. Hayar da ake karɓa ba za ta biya wannan bashi ba. Lissafinsu ya dogara ne kan fitar da fiye da rabin gidajen daga ƙayyadewa cikin 'yan shekaru. Mazauna suka ƙi tashi. Zuwa 2008 wajen kashi 10 kawai aka iya juyawa, bashi ya gagara, aka ƙwace rukunin. A 2015 aka sake sayar da shi kan dala miliyan 201, da yarjejeniya da birni cewa gidaje 975 za su zauna a farashi mai sauƙi na shekara talatin, a madadin rangwamen haraji.

Ga wanda ke neman gida daga waje, lissafin ya fi tsanani. Cibiyar Furman ta Jami'ar New York ta auna cewa daga 1990 zuwa zangon 2010 zuwa 2014, matsakaiciyar haya a Harlem ta Tsakiya ta tashi da kashi 53 bayan cire tsadar rayuwa, ta biyu a duk birnin bayan yankin Williamsburg da Greenpoint na Brooklyn, alhali ta birnin baki ɗaya kashi 22 ce. Al'adar masu gidaje a New York ita ce sai samun mutum na shekara ya ninka hayar wata sau arba'in. Gidan dala 3,000 yana neman mai samun 120,000. Gidan tsakiya na unguwar, mai dala 52,000 a 2017, ya cancanci hayar 1,300 ne kawai, kuma irin wannan gida ba ya zuwa kasuwa. Yarinyar da aka haifa a titi na 140, ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya ko direbar bas, samunta ya wuce na gidan gwamnati, bai kai na kasuwa ba. Idan ta tashi yin aure sai Bronx, ko New Jersey, ko ta bi sahun masu komawa biranen kudu irin Atlanta da Charlotte. Ba wanda ya ba ta takardar kora, kuma babu teburin da zai ƙirga ta cikin waɗanda aka raba da unguwa. A ganinmu nan ne asarar ta fi yawa, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta. Abin bai tsaya a Harlem ba: Bedford-Stuyvesant a Brooklyn ta rasa baƙar fata sama da 22,000 tsakanin 2010 da 2020, birnin baki ɗaya kuma ya rasa kusan 200,000 cikin shekara ashirin.

Gidajen da ake kira masu sauƙin kuɗi a sababbin benaye ba su cika toshe wannan giɓi ba, kuma dalilin yana cikin ma'auni. Ana yanke farashinsu ne da matsakaicin samu na yanki, wanda ma'aikatar gidaje ta tarayya ke fitarwa. Yankin ya haɗa dukkan birnin da wasu gundumomin gefe, sannan ana ƙara masa saboda tsadar haya. A 2024 adadin ya kai dala 139,800 ga iyali mai mutum uku. Gidan da aka ware wa masu kashi 80 na wannan adadi yana nufin mai samun kusan 112,000, hayarsa wajen 2,800 a wata. An ma ba da rangwamen haraji ga gine-ginen da suka ware gidaje a kashi 130. Don haka duk sanda aka ce gini zai ƙunshi gidaje masu sauƙi, tambayar da kwamitin unguwa ke yi ita ce: a kashi nawa? Kashi 30 zuwa 50 ne ke kai wa ga yawancin tsofaffin mazauna. Ana raba gidajen ne ta ƙuri'a, kuma a da rabinsu na 'yan gundumar ne. Bayan wata shari'a da ta ce tsarin yana ƙarfafa rarrabuwar launin fata a birnin, an sasanta a 2024 aka rage kason zuwa 20.

Dukiyar da ta tashi

Samun wata daban, dukiya daban. Gidan dutse mai hawa huɗu da aka toshe da bulo a 1985 yau yana iya kai dala miliyan biyu ko uku. Wanda ya mallaki gida ya ci wannan riba ko da albashinsa bai motsa ba. Amma a 2000 gidajen da masu su ke zaune a ciki a Harlem ta Tsakiya wajen kashi 7 ne kacal. Sauran duk 'yan haya ne, gadon jan layin nan na shekarun 1930. Mutanen da suka jure shekarun gobara da hodar ibilis, suka kafa ƙungiyoyin layi, suka share kangaye suka mayar da su lambu, su ne suka sa unguwar ta sake zama wurin da ake sha'awa, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke da takardar mallaka da farashi ya tashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sayen gida a sabon farashi yana buƙatar kuɗin ajiya na farko, galibi kashi 10 zuwa 20, kuma a nan giɓin ƙasa baki ɗaya yake shigowa. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar iyalin tsakiya na fararen fata dala 285,000 ce, ta baƙar fata 44,900. Idan iyali biyu masu albashi iri ɗaya suka nemi gida, waɗanda iyayensu za su iya tallafa musu da dubu ɗari su ne ke samun gidan. Su ma tsirarun tsofaffin masu gidaje ba su tsira ba. Mai gida ya rasu bai bar wasiyya ba, magada goma suna warwatse a jihohi, sai ɗan kasuwa ya bi ɗaya ya sayi kasonsa da arha, ya je kotu ya nemi a sayar da gidan a raba. Akwai kuma masu satar takardar gida da sa hannun jabu, ko su yaudari tsoho da sunan taimaka masa biyan bashi. Maganin da lauyoyin unguwa ke nanatawa mai sauƙi ne: a rubuta wasiyya, a yi rajistar gidan da sunan magada tun da wuri, a shiga tsarin birni da ke aiko da saƙo duk sanda aka shigar da wata takarda a kan gidan.

Akwai ribar da tsofaffin mazauna suka samu, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Titi ya fi aminci, akwai kantin kayan lambu da kantin magani da reshen banki a inda babu su a da, an gyara lambuna da tashoshin jirgi. Sai dai ma'aunin lafiya bai bi ma'aunin kuɗi da gudu ɗaya ba. Rahoton hukumar lafiya ta birni na 2018, wanda ya fito a daidai lokacin da kuɗin gidan tsakiya ya haura dala 50,000, ya sa tsawon rai a Harlem ta Tsakiya a shekara 76.2, na birnin baki ɗaya kuma 81.2. A wannan rahoto kusan rabin 'yan hayar unguwar suna kashe fiye da kashi 30 na samunsu a kan haya kaɗai.